Yadda Ake Sa Mutane Su Dawo Allurar Rigakafi da Gwajin Lafiya

Tambayar da ƙannenmu sababbin ma'aikata da 'yan sa-kai suka fi yi mini ita ce wannan: uwa ta kawo jariri an yi masa allurar farko, an ce ta dawo, shiru kake ji. Dattijo an auna shi an ga jininsa ya hau, an ce ya leƙo mako mai zuwa, sai bayan wata takwas aka shigo da shi ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye. Yaya za a yi? Da yawa suna zaton maganin abin shi ne a ƙara wa'azi. Ni dai a shekarun da na yi a ƙaramin asibitin unguwa, da wuya na ga wa'azi kaɗai ya dawo da mutum. In kuka bi sawun wanda bai dawo ba, galibi za ku tarar akwai inda mu ma'aikata muka sake shi da hannunmu. Shi ya sa matakan nan suke a jere. Kada a tsallake na farko a faɗa na shida.

1. Ku haɗa kayan aiki tukuna

Ba kaya masu tsada ba ne. Rajistar allura, katin yaro da uwa za ta tafi da shi, da ƙaramin kati na biyu da zai zauna a wurinku. Kwalin takalmi ko na taliya, a raba cikinsa gida 12 da guntayen kwali, kowane gida wata guda. Kalanda mai nuna watan Bature da na Musulunci tare. Waya mai kuɗin kira, wadda ba ta wani ma'aikaci ba ce shi kaɗai, don kada ranar da ya tafi hutu aiki ya tafi tare da shi. Na'urar awon jini da maɗaurin dantse guda biyu, madaidaici da babba. Na'urar gwajin suga da tsinkayenta, da batura na ko-ta-kwana.

Awon hawan jini ba ya cin komai sai batir. Gwajin suga kowane tsinke kuɗi ne, gwajin ciwon hanta da allurarsa ta manya ma haka. Ku rubuta farashin wannan watan ɓaro-ɓaro a jikin bango, kowa ya gani tun daga ƙofa.

Hattara: allurar rigakafin yara kyauta ce a asibitin gwamnati. Kada kowa ya karɓi "kuɗin kati" ko "na sirinji". Naira ɗari biyu da aka karɓa a hannun mace ɗaya da safe, kafin la'asar ta zama dubu biyu a bakin matan layinsu, kuma babu shelar da za ta goge wannan.

2. Jadawalin ya zauna a ka

Ma'aikacin da sai ya ɗaga kai ya duba bango kafin ya faɗa wa uwa ranar dawowa, uwar ta riga ta karanta shi. Ga tsarin da ake bi a Najeriya. Ranar haihuwa: BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Mako 6, mako 10 da mako 14: Penta, wadda ta haɗa mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu; tare da ita akwai ta limoniya, da ɗigon shan inna, da ɗigon rota na gudawa da aka shigo da shi a 2022, sai allurar shan inna sau biyu a cikin wannan tsakanin. Wata 6: bitamin A. Wata 9: ƙyanda, shawara da sanƙarau. Wata 15: ƙyanda karo na biyu, kuma ita aka fi mantawa, don a lokacin yaro ya fara tafiya, wata uwar ma ciki ya sake shiga. Inda rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya iso, wanda aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, ana yin sa a wata 5, 6, 7 da 15. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma akwai allurar HPV ta kansar bakin mahaifa, sau ɗaya tak, tun Oktoban 2023.

Hattara: yaron da ya makara ba a sake masa lissafi daga farko. Ko wata biyar ya yi bai zo ba, daga inda ya tsaya za a ɗora. Abin da ba a yi shi ne a matse tsakani: Penta da Penta sai an sami aƙalla mako huɗu. Sannan mura, ɗan tari ko gudawa mara tsanani ba sa hana allura. Na sha ganin an ce wa uwa "sai ya warke ki dawo", kuma daga nan ba a sake ganinta ba.

3. Zuwan farko

A nan ake samun mutum, a nan ake rasa shi. Ku ba shi lokacinsa ko da layi ya kai bakin titi.

Ku fara da gaisuwa da sunan yaron. "Maman Khalifa, sannu da zuwa, ya jego?" ba ya cin minti ɗaya. Sannan kafin allura ta taɓa fatar yaro, uwa ta ji abu huɗu: me za a yi masa yau, me zai iya biyo baya, me za ta yi in ya biyo, da yaushe za ta dawo.

Na biyun nan ne muka fi yin sakaci da shi. Penta tana sa zazzaɓi da kumburin cinya kwana ɗaya zuwa biyu. In an gaya wa uwa tun da rana, in dare ya yi jikin yaro ya ɗau zafi sai ta ce ai Malama ta faɗa. In ba a gaya mata ba, maigida ne zai tashi tsakar dare ya ga yaron da ya fita lafiya lau yana ta tsala kuka, ya ce daga yau ba a sake kai masa ɗa. Kuma in kun duba, ba ku da bakin ganin laifinsa. Ku ce ta yawaita ba shi nono, ta rage masa kaya, ta ɗora tsumma mai sanyi a wurin, ta ba shi farasitamol na yara gwargwadon da kuka auna mata. Ban da gasawa da ruwan zafi, ban da murza man zafi. BCG kuwa bayan 'yan makonni takan yi ƙurji a dantse, ya fashe, ya bar tabo. Ku faɗa ƙarara cewa haka ake so, kada a matse, kada a barbaɗa komai. Ta ƙyanda tata daban ce: zazzaɓin yakan zo ne bayan mako guda ko fiye, wani lokaci da 'yan ƙuraje, lokacin da kowa ya manta da allurar. Sai ku ware mata abin da ba a jira da shi: jijjiga, ƙin kama nono, kukan da ya wuce awa uku ba tsayawa, ko jikin da ya yi zafi rau ya ƙi sauka. Wannan a taho ko da tsakar dare ne.

Sai ranar dawowa. Rubuta "14/3" a kati aikin rajista ne, ba na uwa ba. Ku ɗaura ranar a jikin abin da ba za ta manta ba. Mako shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Babu mai jegon da ba ta ƙirga arba'in ɗinta, don haka "kina gama wanka da kwana biyu ki kawo shi" ya fi kowace lamba zama. Sauran kuma a haɗa su da ranar kasuwa, da Juma'a nawa za a yi, da Sallah ƙarama ko babba, da Mauludi. Nan ne amfanin kalanda mai wata biyu. In kun gama, kada ku ce "kin gane?", don kowa "eh" zai ce. Ku ce, "To Maman Khalifa, in Babansa ya tambaye ki yaushe za ki dawo, me za ki ce masa?" Abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da ta tafi da shi.

Hattara: ku tambayi inda za ta kasance, ba inda take yanzu kaɗai ba. Mai haihuwar fari takan je wankan gida wurin iyayenta. Adireshin da ta ba ku na gidan su ne, kuma daidai lokacin Penta ta farko take komawa ɗakinta, wataƙila a wata unguwa ko wani gari. Ku rubuta gida biyun, da kwatance irin namu (bayan masallacin Juma'a, gidan mai injin markaɗe), da lambar waya biyu, tata da ta maigida. In garin da za ta koma da nisa, ku faɗa mata katin nan yana aiki a kowane asibitin gwamnati.

Bayan allura ta zauna kamar minti 15 zuwa 30 kafin ta tafi. A wannan zaman ne za ku auna jininta ita ma.

4. Kada kowa ya koma hannu rabbana

Matar da ta nemi izini, ta bar girki, ta biya kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ta zo aka ce "yau ba ranar ƙyanda ba ce", ba lallai ta sami izini na biyu ba. Dalilinmu sananne ne: kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, bayan awa shida sai zubarwa. Shi ya sa ake jin ƙyashin fasa kwalba saboda yaro ɗaya ko biyu. Amma ƙa'idar aikin ita ce a buɗe kwalbar. Asarar 'yan allurai a kwalba ba ta kai asarar yaron da ƙyanda za ta kwantar ba. In kuwa dole sai an ware rana, to ranar ta zama sananniya, a rubuce a ƙofa, mai unguwa ya sani, kuma kada a taɓa saɓa ta.

Da yamma kafin ranar allura ku duba firji: sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, alamar da ke jikin kwalba ba ta yi duhu ba, Penta ba ta daskare ba, don daskarewa tana lalata ta. In wani abu ya ƙare, ku kira waɗanda kuke sa ran zuwansu tun daren, kada su yi asarar kuɗin mota.

Sannan duk yaron da ya shigo asibiti, ko ƙuna aka kawo shi wanki, ko rakiyar yayarsa ya yo a bayan uwa, a tambayi katinsa.

Allurar ciwon hanta ta ranar haihuwa ta fi amfani cikin awa 24 na farko, ga shi haihuwa da yawa a gida ake yi, mai jego kuma ba ta fita kafin suna. Ba sai ta fita ba. Ku shirya da ungozomomin unguwa su riƙa sanar da ku, kaka ko gwaggo ta naɗo jaririn ta kawo, ko ku ku je barka da akwatin sanyinku.

5. Kwalin tunatarwa da bin sawu

Katin nan na biyu, da zarar an gama da yaro, sai a jefa shi gidan watan da zai dawo. Kowace Alhamis a zazzage gidan wannan wata. Wanda ranarsa ta kusa, a kira a tuna masa. Wanda ranarsa ta wuce da mako guda, a kira. In mako biyu ya wuce, a taka a je. Kada a bari sai ƙarshen wata, sawu yana sanyi.

Yadda ake magana a waya yana da muhimmanci, musamman in maigida ne ya ɗauka. Ba a cewa "matarka ba ta kawo yaro ba", wannan kai ƙara ne, kuma ita za ta sha faɗan. A ce: "Malam, barka da rana, daga asibiti ne. Allurar Khalifa ta biyu ta yi, mun ajiye masa tasa. Talata ko Alhamis, wacce ta fi muku sauƙi?"

A ƙarshen kowane wata ku yi ɗan lissafi. Yaran da suka karɓi Penta ta farko, a cire waɗanda suka karɓi ta uku, a raba da na farkon, a ninka sau ɗari. Misali 80 sun fara, 60 sun kammala: 20 cikin 80, kashi 25 cikin ɗari ke nan. Duk abin da ya haura kashi 10 alama ce cewa mutane suna zuwa amma wani abu yana korar su, kuma sau da yawa abin yana cikin ɗakin allurar ne. Ku lura da damina ma. Lokacin shuka da noman farko mutane suna gona tun asuba, gara ku ɗauki akwati ku bi su ƙauye da yamma da ku zauna kuna jiran benci ya cika.

6. Masu yanke hukunci a gida

Uwa ce take kawo yaro, amma sau da yawa ba ita ke da ta cewa ba. Akwai maigida, akwai uwar miji, kuma in Hajiya ta ce "mu da muka haifi goma ba allura ga su nan", zance ya ƙare. Kada ku yi musu da ita a gaban surukarta. Ku gaishe ta da girmamawa, ku tambaye ta yadda baƙon dauro yake yi wa unguwa a zamaninsu. Ita da kanta za ta lissafa muku gidajen da aka yi rashi, da yaran da suka makance. Daga nan magana ta yi sauƙi.

Ga maza, hujjar da na ga ta fi shiga ita ce ta aikin Hajji. Duk maniyyacin da zai tashi daga Najeriya sai an yi masa rigakafin sanƙarau da shawara da shan inna, kuma ba mu taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda allura ba. Sai kuma mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, kuma akasarin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Penta ɗin nan da ake raina wa ita ce rigakafinsa.

Hattara: in wani ya kawo zancen gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, kada ku ce ƙarya ne. Ya faru, har kotu aka je. Ku amsa cewa ya faru, sannan ku bambance masa: wancan sabon magani ne da ake gwadawa, wannan kuwa allurai ne da aka shekara da shekaru ana yi wa yaran duniya, har da namu na cikinmu. Ni katin 'ya'yana nake nunawa. In an zo kan HPV da raɗe-raɗin hana haihuwa, ku faɗi abin da take karewa da sunansa, kansar bakin mahaifa. Kusan kowace unguwa akwai wadda aka sani ta yi fama da zubar jinin da aka yi ta cewa sihiri ne. Kuma kada a yi wa yarinya a makaranta iyayenta ba su sani ba.

Liman da mai unguwa a je musu tun kafin a sami matsala. Sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a, ko a wurin raɗin suna, ta fi kwana uku ana yawo da lasifika.

7. Manya: gwajin wanda bai ji ciwo ba

Wannan ya fi wuya, don mutuminmu ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa sai ciwo ya kayar da shi. "Lafiyata ƙalau, me zan je nema?" Maza musamman ba za su zo ba, sai dai ku je: ƙofar masallaci bayan an idar, tashar mota, majalisar mai shayi, rumfar kasuwa.

Awon hawan jini yana da ƙa'ida, in aka karya ta lambar banza za a samu. Mutum ya zauna minti biyar ya huta, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, dantse daidai ƙirji, ba magana. Wanda ya ci goro, ya sha sigari ko shayi mai kauri, a jira rabin awa. Mai kaurin dantse a sa masa babban maɗauri, ƙarami yana ƙara lamba. In ya kai 140 bisa 90, ba a yanke hukunci a awo ɗaya, sai an sake a wata rana. In ya kai 180 bisa 120, ko kuma akwai ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko gani dishi-dishi, wannan babban asibiti ne a yau ɗin nan. Suga kuma da safe kafin a karya, bayan awa takwas ba ci: 126 (a ma'aunin mg/dL) zuwa sama, in an maimaita an sake samu, ciwon suga ne, tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne.

Ku rubuta wa kowa lambarsa a ɗan kati ya sa a aljihu. Mutum yana son ya ga ko tasa ta sauka, wannan kaɗai yana dawo da wasu. Katinsa na biyu kuma ya shiga kwalin nan, daidai da na jarirai.

Ciwon hanta nau'in B a yi gwaji tukuna. Wanda ba shi da shi ya yi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, da wata na shida. Ku faɗi kuɗin ukun gaba ɗaya tun farko, don ta ukun ce ake watsarwa. A Kano, dokar 2024 ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, don haka masu shirin aure suna zuwa da kansu. Kada a miƙa musu takarda kawai su tafi, a nan ne za a auna jininsu a yi musu zancen allurar.

Mai ciki ta fara allurar tetanus a awon farko, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, sai biyu da ke biye shekara-shekara. Yawanci daga ta biyu ake tsayawa, saboda an haihu. Ranar da ta kawo jariri allura, a duba katinta ita ma. Matan da suka kai shekara 30 kuma a yi musu zancen duba bakin mahaifa, masu ɗauke da ƙanjamau tun daga 25. Mace ce za ta duba, a rufe ƙofa, a saki labule, kuma a faɗa mata haka tun kafin ta tambaya.

Hattara: kada ku fita gwajin jama'a ba ku shirya inda za ku tura wanda aka samu da matsala ba. Kuma ba a faɗin sakamako a bainar jama'a. Na taɓa ganin ma'aikaci ya ɗaga murya a cikin rumfa, "Baba, ai jininka ya hau sosai!" Dattijon ya yi murmushi ya gyara hularsa ya tafi, layin da ke bayansa kuma ya watse. A ja mutum gefe. A kuma gaya masa tun ranar farko cewa maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi, jin sauƙin aikin maganin ne.

8. Wanda ya ɓace ya dawo, da wanda ya ƙi

Uwa ta shigo bayan wata huɗu, kati ya sha miya ko ma ya ɓata, tana raɓe-raɓe a bakin ƙofa don ta san abin da ke jiranta. In kuka ce "sai yanzu kika ga dama?", sauran matan da ke kan benci sun ji, kuma duk wadda ta makara nan gaba ba za ta zo ba sam. "Sannu da ƙoƙari, gara da kika kawo shi" ya isa. A nemo sunansa a rajista, a sake mata kati kyauta, a yi masa duk abin da ya cancanta a ranar. Allura biyu ko uku a zama ɗaya ba ta da illa, a wurare daban-daban dai. In babu kati babu rajista, a duba tabon BCG a dantse, a tambayi uwa sau nawa aka yi masa a cinya.

Wanda ya ƙi fafur kuwa, ba a yi masa barazana, ba a haɗa shi da hukuma a zuwan farko. A tambayi dalilinsa, a saurara har ya gama, a amsa abin da ya tambaya kaɗai. A yi sallama da daɗi, a ce ƙofa a buɗe take. A rajista a rubuta dalilin da bakinsa ya faɗa, ba "ya ƙi" kawai ba, sannan katinsa ya koma gidan wata mai zuwa a cikin kwali, tare da sunan wanda yake jin maganarsa a unguwa, don zuwa na biyu da shi za a je.